Oga ya ce in share komai: wasiƙun da suka maƙale, foldar haɗaka da asusun tsohon akanta

Nura Hotoro:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar manya kafin in taɓa abin da ba zan iya mayarwa ba. Sati uku ke nan da na karɓi aikin kula da kwamfutoci a wani kamfani a Bompai, masu sayen riɗi da zoɓo a Dawanau suna fitarwa waje. Saba ɗaya ce tal, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran na ofis hidima, Ubuntu ce a kanta, tana ƙarƙashin matakalar bene kusa da inbata. Ita ke riƙe da imel ta manhajar Postfix mai rabon wasiƙu da Dovecot mai kula da akwatunan wasiƙa, ita kuma ke riƙe da foldar haɗaka ta Samba inda kowa ke jefa takardunsa. Yau da safe imel ya tsaya cak. Na duba df, faifai ya cika har kashi 98 cikin ɗari. Na buga mailq don in ga wasiƙun da ke layin jira, allo ya yi ta gudu, layin ƙarshe ya nuna wasiƙa sama da 41,000 na jira. Kusan duk da sunan tsohon akanta suke, mutumin da ya bar aiki tun bayan ƙaramar sallah, kuma har yau asusunsa a buɗe yake. Manaja ya kira ni ya ce kafin la'asar in share wasiƙun duka, in goge mutumin daga saba, in kuma rage tarkacen da ke cikin foldar haɗaka. Wanda ya riƙe aikin kafin ni ya koma Abuja, bai bar ko takarda ɗaya ba. Daga ina zan fara?

Auwalu Farm Centre:
Wa alaikumus salam. Nura, kwantar da hankalinka. Buga postsuper -d ALL ya share duk layin jiran, minti biyu an gama da wasiƙu. Sai userdel -r da sunan mutumin don goge asusunsa. Folda kuma ka jera ta bisa kwanan wata, duk abin da ya haura shekara uku ka share. Oga ya ba ka umarni, kasuwancin mutane a tsaye yake. Wanda wasiƙarsa ta bi ruwa sai ya sake aikawa.

Injiniya Sagir:
Nura, janye hannunka daga kan kibod tukuna. Idan rufi na yoyo ba a fara da kwashe ruwan ɗaki. Ka share 41,000 yanzu, kafin ka dawo daga sallar azahar wasu sun cike gurbinsu, domin ƙofar da suka shigo ta ciki tana nan a buɗe. Shiga /var/log/mail.log, wato log ɗin da saba ke rubuta duk abin da ya faru da imel a ciki, ka nemi kalmar sasl_username da grep. Za ka ga asusun da ake shiga da shi ana turo wasiƙun, da adireshin IP ɗin da ake shigowa daga gare shi. Faɗa mana abin da ka gani.

Nura Hotoro:
Na gani, Injiniya. Asusun akantan ne. Adireshin sun fi ashirin, babu na Najeriya ko ɗaya a waɗanda na duba. An fara tun daren Alhamis.

Injiniya Sagir:
To, an sace kalmar sirrinsa ke nan, ko an canke ta. Canza ta yanzu, sannan ka buga doveadm kick da sunan asusun don a kori duk wanda ke ciki ta Dovecot, ka kuma sake kunna Postfix don haɗin da ke buɗe ya yanke. Kada ka goge asusun. Kulle shi kawai. Muna buƙatarsa a raye har mu gama gano abin da ya mallaka.

Zainab Tarauni:
Sallama gare ku. Ƙanina Nura, kafin ka sake kunna Postfix ɗin ka buga postsuper -h ALL. Wannan ba ya share komai, yana tsare kowace wasiƙa ne a ɗakin ajiya, babu wadda za ta fita. Ka sami abu biyu a lokaci guda: saƙonnin banza sun daina fita da sunan kamfaninku, kuma ka sami lokacin tunani. Wasiƙar da aka tsare ba ta mutuwa, alhali wadda ke layin jira na yau da kullum kwana 5 Postfix ke ba ta kafin ya mayar wa mai ita.

Auwalu, maganarka ta cewa a sake aikawa ce ta sa na yi magana. Wa zai gaya wa mutum ya sake aikawa? Idan ka share da -d, babu sanarwar da ke zuwa wa wanda ya aika. Wasiƙar tana nan zaune a akwatin "an aika" na Outlook ɗinsa, hankalinsa kwance, can kuma mai saye yana jira bai ga komai ba. Tun daren Alhamis ma'aikatan kamfanin nan ke aika wasiƙu, kuma tunda manyan masu karɓar imel sun fara ƙin sabarsu, wasiƙun gaskiya suna nan cakuɗe da na banza. Kamfanin da ke fitar da kaya waje ne fa. Takardar kuɗi ɗaya ta ɓace, kwantena na iya kwana da kwanaki a tashar Apapa ana biyan kuɗin jinkiri.

Auwalu Farm Centre:
Anti Zainab, na ji. Amma wa zai zauna ya karanta wasiƙa dubu arba'in da ɗaya kafin la'asar?

Zainab Tarauni:
Babu wanda ya ce a karanta. A tace su bisa sunan mai aikawa. Ka fitar da lambobin wasiƙun da mai aikawarsu shi ne akantan ka zuba a fayil, ka ƙirga layukan, ka duba guda goma da idonka, sannan ka miƙa fayil ɗin ga postsuper -d tare da alamar ragewa, wadda ke nufin ya karɓi lambobin daga abin da ka turo masa. Ka lura da abu ɗaya: mailq yana maƙala alamar motsin rai a bayan lambar wasiƙar da aka tsare, tauraro kuma a bayan wadda ke kan hanyar fita. Sai ka cire alamomin, in ba haka ba postsuper ba zai gane lambar ba. Idan Postfix ɗinka ya kai 3.1, postqueue -j zai ba ka jerin a tsarin JSON, ya fi sauƙin tacewa. Bayan haka za ka ga tarin wasiƙu daga MAILER-DAEMON, sanarwar dawowar saƙonnin banzan ne, su ma ka ware su daban ka duba wa ake mayar wa. Abin da ya rage bayan nan shi ne dukiyar mutane.

Mubarak:
Ni ɗalibi ne, a yi mini uzuri. Tunda wasiƙun fayiloli ne a cikin /var/spool/postfix, me zai hana a shiga a share da rm kawai?

Injiniya Sagir:
Tambaya ce mai kyau, Mubarak. Akwai foldoji da yawa a ciki, incoming, active, deferred, hold, maildrop, kuma Postfix na ɗauke wasiƙa daga wannan zuwa wancan a kowane lokaci. Bayanin dalilin jinkirin kowace wasiƙa ma yana wata folda dabam mai suna defer. Ka shiga da rm sai ka share jiki ka bar wutsiya, ko ka taɓa abin da ba wasiƙa ba, don a nan ne kuma hanyoyin da sassan Postfix ke magana da juna suke. Ko postsuper ɗin kansa, littafin jagorarsa ya yi gargaɗi cewa ana sake amfani da lambobin wasiƙu, don haka akwai ɗan yiwuwar ya share wadda ba ita ba idan ana cikin rabon wasiƙu. Shi ya sa shawarar Hajiya Zainab ta tsarewa da farko take da muhimmanci. Ka kuma lura dole ne ka rubuta ALL da manyan baƙaƙe. Da gangan aka yi haka, don kada hannu ya zame.

Malam Bashir Gwammaja:
Assalamu alaikum. Na karanta tun daga sama. Shawarwarin fasaha sun yi, ni abin da zan ƙara na takarda ne. Nura ɗana, umarnin da manaja ya ba ka da baki ne ko a rubuce? Idan da baki ne, ka rubuta masa gajeren saƙo ko ta WhatsApp ne, ka ce ranka ya daɗe, ga abu uku da ka umarce ni, ga yadda zan yi su, ga abin da ba zai dawo ba idan na share. Ka jira ya amsa da to. Ba don kana zarginsa ba. Mutumin da ya ce a share komai da ƙarfe goma na safe, ransa a ɓace ne saboda imel ya tsaya. Bai san me ke cikin komai ɗin ba, kai ma ba ka sani ba. Ranar da aka nemi takardar da babu ita, ba za a tuna wa ya ba da umarni ba, za a tuna hannun wa ya danna.

Game da userdel -r kuma, bari in ba ku abin da ya faru a gabana. Shekarun baya a wata makaranta da nake kula wa da saba, an goge asusun ma'ajin kuɗi bayan ya yi ritaya. Umarnin nan gidan mutum da akwatin wasiƙarsa kawai yake ɗaukewa, duk fayil ɗin da ya ajiye a wani wuri yana nan. Kuma Linux ba suna ya sani ba, lamba ya sani, UID. Bayan wata biyu aka ɗauki sabuwar mai buga takardu, adduser ya ɗauko lambar farko da babu kowa a kanta, ta zama lambar ma'ajin. Nan take duk takardun albashin malamai da ke foldar haɗaka suka zama mallakinta. Yarinya mai amana ce, ita ta zo da kanta ta gaya mana. Da wata ce fa? Don haka kafin ka goge kowa, ka buga find da -user ka ga duk abin da ya mallaka a faifan gaba ɗaya, ka mayar da mallakar ga wanda ya gaje shi da chown. Ni a yanzu ma ban cika goge asusu ba, kulle shi nake yi in bar lambar a riƙe.

Nura Hotoro:
Allah ya saka da alheri, Baba Malam. Na tura wa manaja, ya amsa. Na bi matakan Anti Zainab. Bayan na cire na akanta da na MAILER-DAEMON, wasiƙa 63 suka rage. A cikinsu akwai guda huɗu daga ofishin fitar da kaya zuwa ga mai sayen zoɓo a Meziko, tun ranar Juma'a suke nan. Na je na tambayi mai ofishin, ya ce shi a zatonsa an daɗe da karɓa, har yana mamakin shirun mutumin. Jikina ya yi sanyi wallahi. Yanzu in sake su?

Zainab Tarauni:
Kada ka sake su tukuna. Duba adireshin IP na sabarku a shafin Spamhaus, masu jera adireshin da ke aika saƙonnin banza, mai yiwuwa an sa ku a baƙin jeri, idan ka sake su yanzu ƙin karɓa za a yi. Wasiƙun Meziko huɗun nan, ka ce wa mai ofishin ya kira mutumin a waya ya sake turawa ta wata hanya yau ɗin nan. Sauran kuma idan lokacin sakinsu ya yi, ka yi amfani da postsuper -r, mai mayar da su layi kamar sababbi, maimakon -H mai sakinsu kawai, saboda sun riga sun cinye yawancin kwana biyar ɗinsu, da -H suna iya fitowa su mutu nan take. Wani abu kuma: a cikin na akantan da ka ware, ka tabbata babu na gaskiya? Wataƙila wata manhajar lissafi na aika takardun kuɗi da sunansa.

Auwalu Farm Centre:
To, 63 ɗin nan na sallama, ban yi tunaninsu ba. Nura, buɗe su da postcat -q ka karanta ka ga waɗanda suka cancanci wahala, sauran ka watsar.

Malam Bashir Gwammaja:
A'a, Auwalu. Nan kam ban yarda ba. Don an ba ka makullin gida ka gyara famfo, ba a ba ka izinin buɗe akwatin matar gida ba. A cikin 63 ɗin nan akwai mai rubuta wa likita, akwai mai neman aiki a wani wuri, akwai maganar farashi da ba ta shafi Nura ba. Bayan ambulan ya ishe shi: wa ya aiko, wa za a kai wa, yaushe. Kuma ba shi zai yanke wace ta cancanta ba, masu wasiƙun ne.

Auwalu Farm Centre:
Malam, da girmanka, amma ai mai root, wato babban asusun da ke da iko a kan saba duka, yana ganin komai ko ya so ko bai so ba. Kuma imel ɗin kamfani ne, ba na gidan kowa ba.

Injiniya Sagir:
Iya gani daban, dubawa daban. Kuma kayan aikin ma ya raba: postcat -eq yana nuna ambulan kawai, -hq yana nuna kan wasiƙa, sai ka sa -b kafin ka ga cikinta. Na akantan da ake zargi, ka duba kan guda goma ko ashirin, taken kaɗai zai nuna maka na damfara ne. Na sauran ma'aikata kuwa ina bayan Malam.

Barista Hauwa:
Ina bin ku a hankali, bari in sa baki ta ɓangarena. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi wannan lamari ta fuska biyu. Na farko, wanda ya sami kalmar sirrin akanta ba aikawa kawai yake iya yi ba, yana iya karanta duk akwatin. Akwatin akanta kuwa cike yake da lambobin asusun banki da takardun albashi da katunan shaidar ma'aikata. Idan akwai alamar an shiga an kwashi irin wannan, doka ta ba kamfani awa 72 daga lokacin da ya sani ya sanar da hukumar kare bayanai, NDPC, matuƙar abin na iya cutar da mutanen. Wannan hukuncin manaja ne da lauyansu, amma Nura ne zai kawo hujjar. Don haka log ɗin nan kada a share shi don neman wuri, a kwafe shi a ajiye. Na biyu, dokar kamfanoni ta 2020 ta ce a riƙe takardun lissafin kuɗi shekara 6. Shawarar share duk abin da ya haura shekara uku za ta iya jefa su cikin matsala ranar da masu binciken haraji suka zo.

Nura Hotoro:
Barista, na gode, saura ƙiris in share mail.log don shi kaɗai ya kusa giga 9. Na kwafe shi. Yanzu maganar kulle asusu: na buga passwd -l, ya isa?

Injiniya Sagir:
Bai isa ba, kuma nan ne mutane da yawa ke kwana da ƙofa a buɗe suna zaton sun kulle. passwd -l kalmar sirri kaɗai yake toshewa. Wanda ke da makullin SSH, na shiga saba daga nesa, zai shiga abinsa ba tare da an tambaye shi komai ba, littafin jagorar passwd ɗin ma ya faɗi haka, ya ce a yi usermod --expiredate 1 idan ana son asusun ya mutu gaba ɗaya. Samba kuma tana da nata kundin kalmomin sirri dabam, ba ruwanta da na Linux. pdbedit -L zai jero maka mutanen da ta sani, smbpasswd -d ya dakatar da mutum, -x ya cire shi. Idan za ka cire, ka fara da Samba kafin Linux, ya fi sauƙi. Sannan smbstatus ya nuna maka wanda ke ciki a yanzu, don dakatarwa ba ta korar wanda ya riga ya shiga.

Daga nan sai ka bi lungu-lungu. Layukan valid users da write list a smb.conf, ka gwada da testparm bayan ka gyara. Rukunonin da yake ciki, umarnin id zai nuna. Foldar /etc/sudoers.d da sudoers ɗin kanta ta hanyar visudo. Ayyukan da ya tsara wa saba ta riƙa yi da dare, crontab -l -u da sunansa. Izini na musamman a kan foldoji, getfacl ya nuna, setfacl -x ya cire. Fayil ɗin /etc/aliases, da wani ɗan ɓoyayyen fayil mai suna .forward a gidansa. Kuma ba akanta kaɗai ba. Ɗan'uwanmu da ya koma Abuja shi ne mai manyan makullai. Buɗe /root/.ssh/authorized_keys ka ƙirga layukan da ke ciki. Rauta, Wi-Fi, AnyDesk idan akwai, da asusun da aka yi rajistar sunan yankin kamfanin da shi, duk ka tambayi kanka a hannun wa suke.

Nura Hotoro:
Innalillahi. Akwai .forward a gidan akanta, yana tura kwafin kowace wasiƙa zuwa wani adireshin Gmail. Kuma adireshin sashen kuɗi na kamfani a aliases har yanzu kansa yake nunawa. Wato duk wasiƙar da masu saye suka aiko wa sashen kuɗi tun bayan sallah, tana fita waje. A root kuma makulli uku ne, ɗaya nawa, ɗaya da sunan kwamfutar wanda na gada, na ukun babu suna ko kaɗan.

Auwalu Farm Centre:
Ka gani ko! Mutumin nan da gangan ya yi. A kai shi ƙara.

Malam Bashir Gwammaja:
A yi hattara da mutuncin mutum, Auwalu. Ma'aikata da yawa suna sa a yi musu wannan don su ga wasiƙa a wayarsu, kuma akanta ba lallai ya san yadda ake rubuta .forward ba, wataƙila yi masa aka yi shekaru da suka wuce aka manta. Nura, buga stat a kan fayil ɗin ka ga ranar da aka taɓa shi. Idan tsoho ne, sakaci ne na ranar sallama. Idan na makon jiya ne, to ɓarayin sun wuce imel sun shiga sabar kanta, wannan kuma babbar magana ce dabam. Ko ma wanne ne, ka kwafe shi kafin ka cire, ka kai wa manaja abin da ka gani ba tare da ka ɗora fassara ba.

Nura Hotoro:
Ya fi shekara huɗu, Baba Malam, kuma adireshin sunansa ne. Manaja ya kira shi a gabana, mutumin ya ce ya sha gaya wa na baya a cire masa don wasiƙun sun dame shi. Na cire, na mayar da adireshin sashen kuɗi kan sabuwar akanta, na buga newaliases. Saura folda. Giga 600 ce, kuma rabinta sunaye irin su "sabo", "sabo 2", "kar a taɓa", "na Alhaji".

Zainab Tarauni:
Nan ne za ka fi yin a hankali, don wasiƙa tana da kwafi a wurin mai aikawa, fayil ɗin haɗaka kuwa sau da yawa shi ke nan ɗaya a duniya. Abu na farko da ya kamata kowa a ofishinku ya sani: idan mutum ya share fayil a foldar saba daga Windows, ba ya zuwa kwandon shara na kwamfutarsa, tafiya yake yi kai tsaye. Sai idan an sa vfs objects = recycle a smb.conf, ka sa shi yau. Na biyu, kwanan watan da kake gani ranar gyara ce ta ƙarshe, ba ranar buɗewa ba. Takardar rajistar kamfani, hoton hatimi, fom ɗin da ake kwafa kullum, duk za su nuna shekara bakwai ba a taɓa ba alhali jiya aka buɗe su.

Yadda nake yi: in sayi faifan waje, in kwafe komai da rsync -aAX don mallaka da izini su biyo. Faifan ka mayar da shi ext4, don wanda za ka sayo a Beirut Road da NTFS ko exFAT zai zo, ba zai riƙe maka waɗannan ba. In buɗe fayil ashirin daga kwafin in tabbata suna buɗuwa. Sannan abin da ake zaton tarkace ne in ɗauke shi da mv zuwa wata folda da ba a raba ba, in liƙa sanarwa a ofis cewa wanda ya nemi abu bai gani ba ya zo cikin kwana 30. Ka sani mv a faifai ɗaya ba ya ƙara maka wuri, amma ai wasiƙu 41,000 da ka cire sun ba ka numfashi. Idan ka fara neman manyan abubuwa da du, ina kyautata zaton bidiyon biki da finafinai za ka tarar sun cinye wurin, ba takardu ba.

Mubarak:
Anti, ashe kwafi ma sai an gwada shi?

Zainab Tarauni:
Sosai. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a wurinsa, cikin dare da gajiya, ya share foldar rumbun bayanai a kan sabar da ke aiki yana zaton ta biyun ce. Kusan giga 300, kafin ya tsayar saura kamar 4.5. Suna da hanyoyin ajiyar kariya har biyar, da aka zo nema babu wadda ta yi aiki yadda aka zata, sai wani kwafi da aka ɗauka awa 6 kafin nan ya cece su, aikin awa shidan kuma ya tafi. Su da kansu suka wallafa labarin. Kafin ka danna rm, buga hostname da pwd ka karanta da ƙarfi.

Auwalu Farm Centre:
Na karɓi gyara a kan wasiƙu da kan akanta. Amma a nan ina da ja. Ni ina zagaya ƙananan ofisoshi daga Zoo Road har Sabon Gari, kuma foldar "a jira kwana 30" ɗin nan na sha ganin ta shekara biyar a wurin, babu wanda ya koma kanta. Tsoron sharewa ne ya kai faifan Nura kashi 98. Faifan wajen kuma a durowa yake ƙarewa ba kulle, ɗauke da katin shaidar duk wanda ya taɓa aiki a wurin. Ajiye komai har abada shi ma haɗari ne. Idan an ce kwana 30, a sa rana, a sa sunan wanda zai danna.

Barista Hauwa:
A wannan Auwalu ya yi gaskiya, kuma doka na bayansa. Dokar 2023 ɗin ta ce kada a riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu. Takardun lissafi suna da wa'adinsu, amma kwafin katin NIN na direban da ya bar aiki shekara takwas ba shi da dalilin zama a foldar da kowa ke buɗewa. Manaja ya sa hannu a kan ranar, faifan kuma ya shiga sef.

Nura Hotoro:
Barkanmu da safiya. Jiya na share na banzan, amma df ya ƙi sauka yadda na zata, har sai da lsof +L1 ya nuna mini rsyslog, manhajar da ke rubuta log, na riƙe da tsohon log ɗin da na cire bayan na kwafe shi. Na sake kunna shi, faifai ya dawo kashi 81. Na cika fom ɗin neman cirewa a Spamhaus. Manaja ya sa hannu a kan ranar sharewa, ni da sabuwar akanta za mu zauna tare. Sai dai yau da sassafe sikana ta ofis ta daina ajiye takardu a folda. Ashe da asusun Samba na tsohon akanta aka saita ta tun farko. Da na goge shi jiya gaba ɗaya da ban san inda zan fara nema ba, amma log ɗin Samba ya nuna sunan ana ƙin sa. Na buɗe mata nata asusun, folda ɗaya kawai take iya rubutu a ciki. Makullin wanda na gada na cire bayan na kira shi, ya ma ba ni kalmar sirrin rauta. Na ukun mara suna na sa masa alamar # a gaba, ban share ba.

Injiniya Sagir:
Madalla. Na ukun nan kada ka zauna jiran wanda zai yi kuka, don idan na'ura ce ba za ta yi kuka ba. Kwafe layin zuwa wani fayil ba tare da # ɗin ba, ka buga ssh-keygen -lf a kansa ka sami zanen yatsansa, ka nemi zanen a /var/log/auth.log da tsofaffin da aka matse. Zai nuna maka yaushe aka shiga da shi, daga wane adireshi. Idan ƙarfe biyun dare ne kullum daga cikin ofis, to wata kwamfuta ce ke zuwa ɗaukar kwafi, ka je ka nemo ta a ɗakunan bene. Idan daga waje ne, ka kira ni a waya kafin ka taɓa komai.